HARBI ƊAYA, TSUNTSU ASHIRIN: INA IYAKAR HALAL?



Tun da hanyoyi suka ɗan buɗe a ƙasar Birnin Gwari bayan sulhun ƙarshen shekarar 2024, mutanenmu suka fara komawa gonakin da suka bari da fadamun da ƙafa ta daɗe ba ta taka ba, wata tambaya take ta dawo mini ta baki daban-daban, daga nan Kuyello da ƙauyukan da ke kewaye. Ga yadda take: "Malam, idan na yi bismillah sau ɗaya, na danna kunama sau ɗaya, agwagin ruwa goma ko ashirin suka zube, wasu a tudu wasu a cikin ruwa, duk sun halatta?"

Maharba sun ce shekarun da aka yi ba a shiga wasu fadamun sun sa tsuntsu ya yi yawa kuma ya saki jiki. Kirinjijiya ta sauka garke guda, dinya ta yi kiwonta a bakin ruwa ba ta tsoron kowa. Su kuma tsofaffin bindigogin kakanni, waɗanda tsaron gari ya sa aka kakkaɓe aka gyara, ga su a hannu. To ka ga an haɗa yunwa da tuwo.

Zan ba da amsar fiƙihu, domin haƙƙin mai tambaya ne. Amma ina so mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni har gaba, don tambayar ta tsaya ne a bakin tukunya, alhali abin da za a tambaye mu gobe ƙiyama ya fara tun daga bakin fadama.

Mu fara da bindigar kanta, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba. Wadda muke kira adaka, ko baushe, ko harbi-ruga, ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a danna tsumma, a zuba harsashi, a sake dannawa. Turawa suna danganta ta da mutanen Denmak, saboda fataken ƙasar da suka riƙa shigo da irinta ta gaɓar tekun Gana a zamanin cinikin bayi, daga baya maƙeranmu suka koyi ƙera ta da kansu. Wanda zai harbi gada ko gwanki ƙwallo ɗaya yake sa mata ko biyu. Mai neman tsuntsu kuwa tafin hannu guda yake zubawa na ƙananan gutsattsarin dalma, ko yankakkun ƙusoshi, ko ƙwallayen boris na keke. Da sun fita daga baki sai su bazu kamar an watsa gero. Iya faɗin bakin bindiga, iya yawan abin da za ta ɗauka, iya faɗin wurin da za ta share. Masu bindigar bature suna auna wannan da lamba: a ɗauki dalma laba ɗaya, wato kusan rabin kilo, a raba ta ƙwallaye daidai faɗin bakin, idan sha biyu suka fito, bindigar lamba 12 ce. Saboda haka lamba tana raguwa baki yana ƙara faɗi. Lamba 12, irin mai baki biyun da aka sani, bakinta ya kai milimita 18 da rabi. Lamba 4 ta kai kusan milimita 27. Ta maƙeranmu ba ta da lamba, faɗin bututun da aka samu shi ne lambarta, kuma wanda ya ba da aikin don tsuntsu ya fi son mai faɗi.

Ka riƙe wannan: mai irin wannan bindiga garke yake aunawa. Ba ya zaɓen tsuntsu.

Yanzu hukuncin naman. Asalin babin yana komawa ga hadisin Adiyyu bin Hatim (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, inda ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da farauta da wani itace mai tsini da ake jifa da shi. Ma'anar amsar ita ce: abin da tsinin ya huda a ci, abin da faɗin itacen ya buge ya mutu kada a ci, domin bugagge ne, kuma bugaggiyar dabba tana cikin jerin abubuwan da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta. Daga nan malaman farko suka hana cin abin da aka kashe da dunƙulen yumɓu busasshe, irin na ɗanko a yau, sai in an riske shi da rai an yanka. Da bindiga ta bayyana sai aka samu saɓani. Imam Dasuƙi, a hashiyarsa a kan sharhin Mukhtasar Khalil, ya bayyana cewa magabata ba su yi magana a kanta ba don ba ta zo ba sai daga baya, sannan ya kawo cewa wasu sun yi mata ƙiyasi da dunƙulen yumɓu suka hana, wasu kuma daga malaman Fas irin su Ibnu Gazi da Shehu Abdulƙadir Alfasi suka halatta, saboda dalma tana hudawa, tana zubar da jini, tana kashewa da sauri. Shaukani ma a nan ya tsaya. Wannan shi ne abin da fatawa take kai a yau, kuma shi nake faɗa wa mutane.

Bismillah ɗaya ta wadatar idan ka yi ta lokacin harbi da niyyar duk abin da ka samu a garken. Maganar faɗawa ruwa kuma, akwai ruwayar Muslim a hadisin Adiyyu ɗin da ta hana cin abin da ka tarar ya nutse, domin ba ka san ruwa ne ya kashe shi ko makaminka ba. Malamai suka ce illar ita ce shakka. Idan harbin ya huda makasa, kamar ƙwaƙwalwa ko ya zubar da kayan ciki, babu sauran shakka, ruwa bai ƙara komai ba. Malaman Shafi'iyya ma sun ce tsuntsun ruwa da aka harba yana bisa ruwa, ruwan a wurinsa kamar ƙasa yake a wurin waninsa.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Wanda ka tarar da sauran rai, harbi bai huda makasarsa ba, wajibi ne ka yanka shi. Idan ka yi sakaci, ko ka bar wuƙa a gida ko a hannun yaro can baya, har ya mutu alhali da ka yi sauri da ka riske shi, a mazhabar Malik ya zama mushe. To don Allah mutum ɗaya da wuƙa ɗaya, cikin taɓo har gwiwa, tsuntsu bakwai suna fafaniya ta kusurwa bakwai, wannan ya shige cikin ciyawa wancan yana ja da fiffike ɗaya zuwa tsakiyar ruwa, wa zai fara yankawa? Sau nawa ake tsince su a haɗa a buhu, a ce ai an yi bismillah? Wanda ya sayi soyayye a kasuwa bai san wanne ne yankakke wanne ne ya mutu a buhu ba. Amanar tana wuyan maharbi.

Wannan duk a kan waɗanda suka faɗo ne. Ni waɗanda suka tashi sun fi damuna.

Duk maharbin gaskiya ya san bayan waɗanda suka zube akwai waɗanda suke gefen wurin da harsashi ya bazu. Gutsure ɗaya ya shiga cinya, ko ya karya baki, ko ya tsaya a ciki. Sun tashi tare da 'yan uwansu, sai bayan kwana biyu ko uku su mutu a wani tafki, ba wanda ya ci, ba wanda ya ambaci sunan Allah da wuƙa a wuyansu. Abdullahi bin Mugaffal (RA) ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana jifa da tsakuwa tsakanin yatsu, kuma dalilin da ya bayar shi ne ba ta kama abin farauta, ba ta illata maƙiyi, sai dai ta karya haƙori ta fasa ido. Dubi illar da kyau: cutarwa ba tare da amfani ba. Tsakiyar harbin bindiga mai faɗi farauta ce, amma gefensa wannan tsakuwar ce sak. Ga kuma hadisin Shaddad bin Aus (RA) a Muslim, wanda ya wajabta kyautatawa a kan komai har a wajen kisa da yanka, a wasa wuƙa a hutar da dabba. Shari'ar da ta damu da kaifin wuƙarka saboda daƙiƙa biyar na azabar rago, kana ganin za ta kau da kai daga kwana uku na azabar agwagwa? Iya nisan da ka harba daga gare shi, iya yawan masu raunin da ka bari a baya. Mai harbin garke daga nesa don kada su tashi, yana sane yake sayen tsuntsu biyar da wahalar wasu da ba zai taɓa gani ba.

Wani zai ce, to Malam ai ba a haramta ba. Gaskiya ne, babu nassin da ya ce tsuntsu kaza za ka kashe a yini. Tsuntsun daji ba na kowa ba ne, wanda ya riga shi ya mallaka. Amma mu tuna lokacin da aka rubuta waɗannan babuka, iyakar maharbi tana cikin damtsensa. Kibiya ɗaya, dabba ɗaya. Kakanninmu ma da suke ɗaura kan burtu a goshi suna rarrafe cikin ciyawa, sai sun yi rabin yini kafin su kusanci abin harbi. Gajiya ita ce take tsare daji, shari'a ba ta buƙaci ta sa adadi ba. Da makami ya cire gajiyar, tambayar da ba a buƙaci yi ba a da ta zama dole.

Akwai mutanen da suka riga mu bin wannan hanya har ƙarshenta, ya kamata mu ga inda ta kai su. A ƙarni na 19, a Ingila da Amurka, an yi wata bindigar agwagi da ba a iya ɗagawa a kafaɗa. Tsawonta ya fi mutum, bakinta yakan kai santimita 5, tana cin harsashi kusan rabin kilo a ɗuri ɗaya. A kan ɗan kwalekwale ake kafa ta, maharbi ya kwanta rub-da-ciki ya tura da hannu a hankali cikin duhu, da kwalekwalen ma yake saiti. Harbi ɗaya yakan kwantar da hamsin ko fiye. A mashigin ruwan Chesapeake da ke jihohin Maryland da Virginia sana'a ce sosai, ana cika ganguna ana kai wa gidajen abinci na manyan birane. Ba wanda ya saci tsuntsun kowa. Kowa abin da ya riga wani gare shi ya ɗauka. Amma garkunan suka yi ta raguwa har hukuma ta shiga: dokar 1900 ta hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, dokar 1918 ta kashe kasuwar tsuntsaye masu ƙaura gaba ɗaya, kuma har yau ba a yarda a harbi agwagwa a can da bindigar da ta fi lamba 10 faɗi ba. Ingila ma a dokarta ta 1981 ta sa wa faɗin baki iyaka. Agwagi sun tsira da ƙyar. Wata kurciyar dajinsu ba ta tsira ba: tsuntsuwar da garkenta yake rufe rana idan ya taso, ana lissafa ta da biliyoyi, ta ƙarshe ta mutu cikin keji a birnin Cincinnati ranar 1 ga Satumba, 1914.

Abin lura shi ne babu mutum ɗaya da za a nuna a ce shi ya ƙarar da ita. Kowa kaɗan ya ɗiba a ganinsa. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 790 bayan hijira, ya yi bayani a Muwafaƙat wanda tun muna jami'a yake burge ni, cewa abu yakan zama halal idan ka dube shi ɗaiɗai, amma hukuncinsa ya canza idan ka dube shi a dunƙule, ya koma abin da ake nema a yi ko abin da ake nema a bari. Harbin Malam wane na ranar Talata halal ne. Harbin mutum arba'in a fadama ɗaya, kullum, rani da damina, da bindigar da ke share garke, sunansa halaka zuriya, kuma Suratul Baƙara aya ta 205 ta ambaci halaka shuka da zuriya a matsayin aikin mai ɓarna a ban ƙasa. Matsalar ita ce na biyun ba komai ba ne face na farkon da aka tara. Saboda haka ba ya yiwuwa kowa ya ce nawa halal ne ya wanke hannu, alhali jimillar haram ce. Kowa yana da rabonsa na alhakin gwargwadon faɗin bakin bindigarsa.

Na san abin da wasunku suke faɗa a zuci, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Mutanen da aka kwashe wa shanu, aka hana su noma shekara da shekaru, suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa, yara suka manta ɗanɗanon nama, yanzu kuma liman ya zo yana yi musu wa'azin agwagwa? Jinin mutum ya zuba a ƙasar nan ba a yi magana ba, sai na tsuntsu? Sannan manomin shinkafa zai ce kirinjijiya da dinya ɓarna suke masa, dare ɗaya su tattake masa kadada.

Wallahi magana ce mai nauyi. Kuma shari'a tana tare da mai yunwa. Malamanmu na Malikiyya sun raba farauta gida biyar: takan zama wajibi ga wanda ba shi da wata hanyar ciyar da iyalinsa, takan zama mustahabbi don yalwata musu, halal don abinci ko sana'a, makaruhi idan wasa ce kawai kamar yadda yake a Risala da kowane ɗalibi ya karanta, haram idan babu niyyar ci ko ta sa an tozarta wajibi. Magidancin da ya fita da asuba ya dawo da dinya biyu ya ciyar da gidansa, ba ni da ta cewa a kansa sai addu'a. Manomin da yake kore ɓarna daga shinkafarsa yana da haƙƙi, kodayake ƙarar bindiga babu harsashi ma tana kora. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: mai buhu biyu a bayan babur zuwa kasuwa ba yunwar gidansa yake kashewa ba. Kuma idan fadama ta bushe da tsuntsu, wa zai fara ji a jikinsa? Mai kuɗi zai sayi kaza. Talakan da wannan nama ne kaɗai yake samu kyauta, shi aka cuta, shi da ɗansa da bai kai ɗaukar bindiga ba tukuna. Tausayin talaka da ake kafa hujja da shi, shi ne hujjar sa iyaka.

Akwai kuma masu cewa arzikin Allah ba ya ƙarewa, abin da ke sama ba mai iya ƙarar da shi. Taskar Allah ba ta ƙarewa, haka ne. Amma Allah bai yi alkawarin zai bar ni'ima a hannun wanda ya wulaƙanta ta ba, kuma Suratur Rum aya ta 41 ta danganta ɓarnar tudu da ta ruwa ga abin da hannayen mutane suka aikata. Ku tambayi dattawa yaushe rabonsu da ganin gauraka tana rawa a fadama. Ku duba mahautar garinku, ina ungulayen da suke cika ta muna yara? Dajin Kamuku da aka sani da giwa da gwanki da kanki, yaro ɗan shekara goma sha biyar a yau wanne ya taɓa gani a ciki? Da jinsi ba ya ƙarewa, da ba a umarci Annabi Nuhu (AS) ya ɗauki biyu-biyu a jirgi ba. Suratul An'am aya ta 38 ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu. Al'umma tana da iyaye da 'ya'ya da lokacin haihuwa da hanyar tafiya. Wasu ƙananan agwagin da ke sauka a tafkunan Arewa da sanyi, musamman a fadamar Haɗeja da Nguru da wurin da aka keɓe musu a Dagona ta jihar Yobe, daga Turai da Rasha suke, sun ƙetare Sahara da fiffikensu, kuma kafin zafi ya tsananta za su koma. Baƙi ne matafiya. Kirinjijiya da dinya kuwa 'yan gida ne, da damina suke ƙwai. Kirinjijiya uwa da uba suke karɓa-karɓar kwanci, a kan ƙwai da yakan kai goma. Harbi ɗaya a watan Agusta, ka ƙirga abin da ya faɗo, amma ba ka ƙirga sheƙunan da suka huce ba. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud (RA) cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa biyu, uwar ta zo tana shawagi a kansu, da Annabi (SAW) ya gani sai ya nuna rashin jin daɗinsa ya sa aka mayar mata. 'Ya'ya biyu kacal.

Abin mamaki, iyayenmu da ba su karanta Muwafaƙat ba sun san wannan. Farautar gayya da rani ake yin ta bayan an kawar da amfanin gona, kuma Sarkin Baka yana da ta cewa a kan inda za a shiga da ranar da za a shiga. Shamuwa tana sheƙa a tsakiyar gari, a kan bishiyar ƙofar gida, ba yaron da zai ɗaga mata ɗanko bai sha faɗa ba. A Argungu, Matan Fada a rufe take ga masunta sai lokacin da aka buɗe ta, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Wasu daga cikin waɗannan al'adu an cakuɗa su da camfi da tsafi, wannan mun yaƙe shi kuma za mu ci gaba. Amma a wurare da yawa mun zubar da camfin tare da hikimar, ba mu maye gurbin da komai ba, alhali Musulunci yana da nasa. Annabi (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'i, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabaza, daga nan malamai suka fahimci shugaba yana da ikon taƙaita halal saboda maslahar jama'a. Kamuku ma haka aka fara ta: gandun dajin En'e ta Birnin Gwari a 1936, ta zama gandun tarayya a 1999, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 1,100. Yadda aka bar ta ta zama mafakar 'yan bindiga wannan laifin hukuma ne, kuma mun ɗanɗana kuɗarsa. Amma sakacin hukuma a daji bai sauke wa mai unguwa da liman da Sarkin Baka nauyin fadamar bayan gari ba.

Ga wata cuta da ba a cika magana a kanta ba: dalma. Yawancin abin da ka watsa bai sami tsuntsu ba, cikin taɓo ya faɗa. Agwagwa tana tsintar tsakuwa ta haɗiye don ƙundunta ya niƙa abinci, sai ta haɗiye gutsuren dalma tare, ƙundu ya niƙe shi, guba ta shiga jini. Saboda wannan Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ma ta hana a fadamu daga 2023. Mu kuma ba sai an yi mana dogon bayani a kan dalma ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ta Zamfara saboda ƙurar dalma da ke cikin dutsen zinare, a 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabtanmu. Mai fasa tsohon batir ya narka dalmarsa a tsakar gida, a murhun da ake girki, yara suna wasa a gefe, ya san me yake shaƙa musu? Naman da aka harba ma a yanke wurin raunin a cire gutsattsarin kafin ya shiga tukunya, musamman in yara da masu ciki za su ci.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi mini wuyar rubutawa. Wannan bindiga a ƙasarmu ba ta tsuntsu kaɗai ba ce. Da ita matasa suka kwana a bakin gari suna fuskantar masu AK-47, da yawa ba su dawo ba, Allah ya jiƙansu ya karɓi shahadarsu. Ba zan taɓa raina ta ba. Amma makami yana koya wa mai shi ɗabi'a. Hannun da ya saba auna garke, zuciyar da ta saba cewa duk wanda ya samu shi ke nan, ba ranar da za ta tashi ta koyi bambancewa don kawai abin da ke gabanta ya zama mutum. Mun ga yadda ɗaukar fansa take a yankin nan, ta kowane ɓangare: mutum ɗaya ya yi laifi a afka wa ƙauye, ɓarawo ɗaya ya wuce a ƙone ruga. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah ya yi masa wahayi yana zarginsa a kan halaka al'umma mai tasbihi saboda cizon guda. Ban ce mai harbin agwagwa zai zama mai kisan kai ba, kada a juya mini magana. Cewa nake yi yaron da ka ɗauka fadama yana kallonka. Idan ya ga ka matsa kusa, ka zaɓi ɗaya, ka bar mai 'ya'ya ta wuce, ka bi mai rauni har cikin ruwa ka yanka, ya koyi cewa ɗaukar rai abu ne mai lissafi. Idan ya ga ka watsa ka yi dariya ka tsinci na kusa ka bar sauran suna mutsu-mutsu, wannan ma karatu ne, kuma ba ya tsayawa a fadama. Ibnu Umar (RA) da ya tarar da samarin Ƙuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna gwajin harbi a kansa, bai ce yara ne a ƙyale su ba, ya sanar da su Annabi (SAW) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin saiti.

Ban da haka, zaman lafiyar da muke ciki ɗanye ne. Ƙarar adaka da asuba a bayan gari, a wurin da mata suka saba kwasar yara su yi daji da jin irinta, ba ƙaramin abu ba ne. Makiyayin da ke shayar da shanu a ɗaya gefen tafkin, bayan ciyawa, bai san agwagwa ka nufa ba, kuma harsashin da ya bazu bai san shi ba. Gutsure ɗaya a jikin saniya ko yaro ya isa ya tayar da abin da aka sha wahala kafin a kwantar.

Abin da nake gani, kuma na fara faɗa wa maharban da ke salla a bayana, shi ne su zauna da Sarkin Baka da masu unguwanni da ardo-ardon da ke shayarwa a wuraren, kafin ruwan farko ya sauka. A rufe harbin tsuntsun ruwa daga saukar damina har a yanke shinkafa, sai korar ɓarna da albarushi zalla. A bar tafki ɗaya a kowane yanki da ba a harbi a cikinsa ko da rani. Bindiga mai faɗin da aka ƙera don share garke a ajiye ta, maƙera su daina karɓar aikinta. Kada a yi harbi sai gari ya waye an ga abin da ke bayan ruwan, kuma kada wanda bai balaga ba ya fita da bindiga shi kaɗai. Wanda zai fita ya ɗaura wuƙa mai kaifi a ƙugunsa, ya san adadin bakin da zai ciyar a gida kafin ya zuba harsashi. Idan suka amince a kan ranar rufewa da ranar buɗewa, mu limamai mu sanar a masallatan Juma'a, kamar yadda muke sanar da ganin wata.